Auren Dabino a Gidan Takaba

A tsakar gidan yayata da ke Kebbe akwai dabino guda, mace, tsakanin rijiya da madafi. Mijinta ne ya shuka ta, Allah ya jiƙansa, daga ƙwallon dabinon da wani maƙwabci ya raba tsarabar Hajji, a shekarar da aka yaye autarsu. Ni ƙaninta ne, ita ta goye ni, kuma har yau da gemuna ya yi fari ba ta kirana da wani suna sai Auta. Mu kuma Adda muke ce mata. Ina zaune a Tambuwal, inda na yi aikin koyar da Arabiyya har na ajiye, amma shekara ba ta juyowa ban je Kebbe sau da yawa ba, don haka a idona itaciyar nan ta girma.

Da ta fara haihuwa, abin tausayi ta haifa. 'Ya'yan ƙanana ne, babu ƙwallo a ciki, babu zaƙi, kafin su nuna rabinsu ya zube ƙasa awaki sun tsince. Mijin Adda ma'aikacin lafiya ne a wani ƙaramin asibiti, mutum mai shiru, wanda in abu ya dame shi ba ya magana sai dai ya yi ta tambaya a hankali har ya samu bakin zaren. Wani Buzu mai sayar da kanwa a kasuwa ne ya gaya masa cewa dabino kamar mutane yake, akwai namiji akwai mace. Namijin ba ya 'ya'ya, fure kawai yake yi mai farin gari. Macen kuma in garin nan bai same ta ba a 'yan kwanakin da furenta ya buɗe, to shekarar ta tafi. A ƙasarsu, in ji Buzun, ba a jiran iska ta kawo, hawa ake yi a kai mata da hannu.

Ya yi ta cigiya har aka kwatanta masa wani lambu a Jabo inda akwai namijin dabino, wanda mai shi ya bari don inuwa kawai. Daga shekarar nan, duk lokacin da kuben da ke rufe da furen macen ya kumbura yana shirin tsagewa, sai ya hau babur ya bi ta Tambuwal ya wuce Jabo, ya dawo da furen namijin a naɗe cikin ƙyalle. A hanyarsa ta dawowa yakan tsaya gidana ya sha ruwa, ya ajiye ƙunshin a inuwa kamar wanda ya ɗauko jariri. Wata shekarar kuma nakan raka shi har ƙofar lambun.

Ni na san wannan aiki a takarda tun ina saurayi, ban san shi a ido ba. A karatun zaure mun sha bi ta kan wata mas'ala ta ciniki, cewa wanda ya sayar da itacen dabino bayan an yi masa wannan aikin, 'ya'yan na mai sayarwa ne sai in mai saye ya sa sharaɗi. Malaminmu yakan fassara kalmar da barbara, mu kuma mu sunkuyar da kai muna danne dariya, don barbara a wurinmu ta shanu ce da awaki. Har na rubuta fassarar da ajami a gefen takardata, ban taɓa tambayar yadda ake yi wa itace haka ba. Ranar da na karanta wa mijin Adda wurin, ya saurara har na gama, ya ce hukuncin ya yi masa daɗi amma kalmar ba ta yi masa ba. Itaciyar da ake buɗa baki da 'ya'yanta, ya ce, ba zai kira aikinta da sunan abin da bunsuru ke yi ba. Shi aure yake cewa. Tun mutanen unguwa suna yi masa dariya har suka ɗauka. Yara sukan tambaye shi yaushe ne auren bana, ya ce musu amarya ba ta shirya ba tukuna.

Dabinon da ya samu kuwa bai taɓa kai shi kasuwa ba. Yakan raba wa maƙwabta da dangi, kuma da nunarsa ta fara dacewa da watan azumi sai ya mayar da mafi yawansa masallacin unguwa don buɗa baki.

Ciwon da ya tafi da shi bai yi tsawo ba. Kaka ce, an yanke gero, dawa tana jiran wuƙa. 'Yan kwanaki kafin ya kwanta ya hau itaciyar ya sare ƙayoyin da ke gindin rassa, kamar yadda yake yi duk shekara don hannu ya samu wurin shiga, ya sauko ya gaya wa Adda cewa kuben sun kusa. Da aka kira ni na iske an riga an yi masa wanka. Muka kai shi, muka dawo, aka shimfiɗa tabarmi a zaure da ƙofar gida.

Wanda ya zauna a matsayin uban makoki shi ne wansa, wanda 'ya'yan gidan ke kira Baffa, ni ma haka nake kiransa. Dattijo ne mai noma da kiwo a wani ƙauye can bayan Kebbe, ba ya son gari, ba ya zuwa sai da dalili mai ƙarfi. Yana cin dabinon da ƙaninsa ke aika masa duk shekara, amma bai taɓa ganin yadda ake samunsa ba, bai kuma taɓa jin sunan da ake kiran aikin ba. Shi ya riƙe marigayin bayan rasuwar mahaifinsu, ya sa shi makaranta, saboda haka mutuwar ta buge shi kamar ta ɗa.

Washegari da hantsi muna zaune a zaure, babbar 'yar Adda ta zo bakin ƙofar ciki ta yi sallama ƙasa-ƙasa, ta ce Kawu. Na matsa kusa da labule. Baffa yana zaune dab da wurin, jingine da bango, yana jan carbi.

Ta ce, “Kawu, Inna ta ce in tuna maka batun auren ga. Ta ce kada a bari lokaci shi wuce. Na Jabo ɗin kai ka san gidanai.”

Na ce mata na ji, in Allah ya so zan je. Ban ga komai a maganar ba, don ni na san abin da ake nufi. Na lura dai carbin Baffa ya tsaya, ya daɗe bai ja ba, amma na ɗauka baƙin ciki ne ya taso masa. Daga baya ne na san abin da ya shiga kunnensa. Shi abin da ya ji, matar ƙaninsa da ta kwana ɗaya cikin takaba tana aiko wa ɗan'uwanta batun aure, har da mutumin da ke Jabo.

Da aka yi azahar na durƙusa kusa da shi na ce ina so in leƙa Jabo in dawo. Bai dube ni ba.

Ya ce, “Batun Jabo a bar shi.”

Na ce, “Baffa, abin ba ya jira.”

Ya ce, “Ni na ce a bar shi. In dai ina zaune wurin ga, ba mai zuwa Jabo.”

Na koma wurin zamana. Suruki ne, kuma ya girme ni nesa, kuma gawar ƙaninsa jiya muka rufe. Na fahimci maganarsa ta wata fuska, wato yana ganin bai dace a bar masu ta'aziyya a tafi hidimar itace ba. Ban ga laifinsa ba a kan haka. Shi yana zaton na san abin kunyar da yake rufewa, ni ina zaton ya san aikin da yake hanawa, muka zauna kafaɗa da kafaɗa muna amsa gaisuwar mutane.

Da yamma na shiga wurin Adda. Tana zaune a bakin ɗakinta kan tabarma, cikin tufafin da ba su da ado, mata sun ɗan ragu. Ba ta yi mini maganar mutuwar ba. Ta ɗaga kai ta nuna mini sama da haɓa. Kube biyu sun tsage, furen ya leƙo fari sol kamar sabon kindirmo.

Ta ce, “Auta, ka gani? Jiya da ana fita da shi na farin yat tsage.”

Na gaya mata abin da Baffa ya ce. Mai takaba ba ta fita, ba ta kuma ɗaga murya a kan wan mijinta, ta san wannan fiye da ni.

Ta ce, “Shi yag gyara ta da hannunai. Wagga ita ta ta ƙarshe da yat taɓa. In ta yi, masallaci za a kai, ladar ta ishe shi inda shike. Ba ni da abin da zan aika mashi sai shi. Ku kuna da karatu, ku yi mashi. Ni wanga nike da shi.”

Na ce ta yi haƙuri a yi sadakar uku, wataƙila ya sassauto.

Ta ce, “Ita ba ta san sadakar ukku ba.”

Gaskiya ta faɗa. Duk shigar da na yi cikin gida sai na ɗaga kai, kuma duk ɗagawa sai na ga farin ya ragu. Furen farko ya fara komawa ruwan ɗorawa, daga nan ya ɗauki kore-kore, alamar ya rufe bakinsa ke nan. Wasu kuben kuma suna tsagewa a bayansa. Adda ta daina yi mini magana a kai. In na shigo sai ta dube ni, ta dubi sama, ta mayar da kai ga carbinta. Na fi son ta yi mini faɗa da wannan kallon.

Aka yi sadakar uku, baƙi na nesa suka fara tafiya. Bayan la'asar Baffa ya ce in zo. Muka zaga bayan gida inda ake ɗaure tumaki, ya tsaya ya dogara da sandarsa, ya fara magana yana kallon ƙasa.

Ya ce, “Malam, kai mai karatu na, kai ka koya ma ɗiyan mutane. Ban so in yi maganar ga ba, amma ta hana mani cin abinci. Ƙasar kabarinai ba ta bushe ba. Ko da can akwai wata magana tsakaninku da mutumin ga, ba a bari ta fita takaba? Mi yar rage ta da shi? Ci ko sha?”

Na ce, “Wane mutum, Baffa?”

Ya ce, “Na Jabo. Da kunnena na ji. Kada ka maishe ni yaro.”

Sai da na ɗan daɗe kafin maganar ta zauna mini. Da ta zauna, dariya ta taso mini tare da hawaye, na rasa wanda zan danne, na danne duka biyun. Na tuna kwanakin da dattijon nan ya yi yana amsa ta'aziyya da wannan nauyi a ƙirjinsa, bai gaya wa kowa ba don kada sunan gidan ƙaninsa ya ɓaci.

Na ce, “Baffa, na Jabo icce ne. Namijin dabino ne.”

Ya ɗago ya dube ni a karon farko. Ya ce, “Icce?”

Na ce masa amaryar ma tana cikin gida, ita ce ta kusa da rijiya. Na fara bayani yadda na iya, na kawo fure, na kawo gari, har na kawo mas'alar cinikin nan ta zaure. Yana saurare amma fuskarsa ba ta saki ba, yana ganin kamar ina neman hanyar rufa wa yayata asiri ne. Da na ga haka sai na ce ya zo ya gani. Na shiga na ce mata su kimtsa, Adda ta koma ɗaki ta saki asabari, ya shigo da sallama ya tsaya gindin itaciyar. Na nuna masa furen. Na ce, Baffa, in saniya ta nema aka rasa bijimi a kwanakin nan, me ke faruwa?

Ya ce, “Ta wuce, sai wani zagaye.”

Na ce to ita wannan zagayenta sai baɗi.

Ya dubi sama, ya dube ni. Ya ce, “To ku ce barbara mana. Da kun ce barbara ai da tun ranar na gane. Wa ka ce ma wanga aure?”

Daga bayan asabari muryar Adda ta fito, ba da ƙarfi ba.

Ta ce, “Ƙanenka na, Baffa. Bai taɓa ce mata wancan ba.”

Baffa ya sa hannu ya dafa jikin itaciyar, daidai inda sabon saran wuƙar marigayin yake, bai ko bushe sosai ba. Ya shafa wurin da yatsa. Na ga kafaɗunsa suna motsi, na kau da kai. Tun da aka yi rasuwar ban ga ya yi kuka ba sai a nan. Da ya natsu ya juya wajen ɗakin.

Ya ce, “Ki yafe mani. Na yi maki zaton da bai kamata ba.”

Ta ce, “Ban san ka yi ba, balle in riƙe. Allah shi yafe muna baki ɗai.”

Ya ce da ni, “Gobe in mun yi asuba ni zan kai ka.”

Haka aka yi. Baffa yana da tsohon babur wanda yake kai madara da hatsi kasuwa da shi, kuma yana tuƙa shi kamar yadda yake kora shanu, ba gaggawa, ba kauce wa rami sai an shiga an fita. Muka bi hanyar Tambuwal ƙashina yana ƙara, muka wuce ƙofar gidana ban tsaya ba, muka isa Jabo rana ta ɗaga. Mai lambun, wani tsoho mai noman albasa, yana ganina ya leƙa bayana yana neman wanda ya saba gani. Labarin bai kai masa ba. Da na gaya masa ya zauna a kan kunyar albasa ya yi salati, muka yi addu'a tare. Ya ce shi ma yana ta mamaki, don marigayin bai taɓa makara haka ba, har ya ɗaure masa kube biyu da igiya don kada su buɗe iska ta kwashe garin.

Ɗansa ya hau ya yanko su. Da aka tsaga guda a gabanmu, wani ƙamshi ya tashi mai kama da na ƙullun da ya kwana, gari ya bi yatsunmu fari. Baffa ya shinshina, ya murza tsakanin yatsu. Ya cire rawaninsa ya naɗe su da kansa, ya ba ni na rungume a hanya. Tsohon ya bi mu har bakin lambu yana cewa kada mu bari rana ta buge su, kada kuma su jiƙe.

Ba mu yi aikin ranar ba, don kafin mu isa Kebbe iskar yamma ta taso, Adda ta ce a jira. Ta sa aka shimfiɗa silin furen a kan faifai a cikin ɗakinta. A nan na gane rabin aikin dama a hannunta yake tun da can. Ita ke shanya furen a inuwa, ita ke kaɗe garin ta tankaɗe, ita ke ajiye ragowar a kwalba don kuben da ke makara. Hawan ne kawai nasa.

Da hantsi, raɓa ta bushe, iska ba ta tashi ba, aka aro tsani. Kafin in taka, Adda ta ce in tsaya, ba a hawa haka. Wanda ya hau itaciyar nan yana ganin tsakar gidajen maƙwabta, don haka marigayin yakan tsaya jikin katanga ya ɗaga murya ya ce a kimtsa za a hau. Ni na yi nauyin baki. Baffa ne ya je jikin katangar, da muryarsa ta kiran shanu.

Ya ce, “Masu gida, a kimtsa, za a hau.” Sannan ya ƙara, “Za a yi ma dabino aure.”

Wata tsohuwa ta amsa daga can cewa Allah ya sa alheri, Allah ya jiƙan mai yi.

Rabona da hawa itace tun ina yaro. Baffa ya riƙe tsanin, na hau ina karanta abin da ya zo bakina. Da tsanin ya ƙare na taka guntayen rassan da aka sare, na ɗaura kaina da igiya a jikinta. Daga nan na ga rufin kwanon unguwar duka, har da hanyar da muka bi da shi zuwa maƙabarta. Na mayar da idona ga furen.

Adda tana ganina ta tsakanin asabari, tana ba ni umarni kamar lokacin da take koya mini wanke allo.

“Ɓare sauran kuben dut, ka jefo shi. To, ɗauki sili kaɗan, kada ka yi rowa kada ka yi ɓarna. Kaɗa su bisa furen. A hankali, Auta, ba ƙura kaka kakkaɓewa ba. Yanzu juya su, kai ƙasa, ka cusa tsakiya.”

Na tambaya don me kai ƙasa. Ta ce don garin ya riƙa zuba a kanta kwana da kwanaki, duk furen da ya buɗe ya samu rabonsa. Ta ce in tsago ganye guda in ɗaure bakin nonon, wato dunƙulen furen duka, amma sako-sako, yadda in 'ya'yan sun fara girma ɗaurin zai saki da kansa. Na ɗaure na farko ta ce ya yi tsauri, amarya ce ba akuya ba. Baffa ya yi dariya a ƙasa har tsanin ya motsa, na ce ya riƙe amana.

Akwai nono ɗaya can ƙoli wanda hannuna bai kai ba, ƙayar wurin kuma marigayin bai kai ga sare ta ba. Adda ta sa 'yarta ta ƙulla garin a wani siririn ƙyalle, aka ɗaura a kan gora aka miƙo mini. Na riƙa buga ƙullin a hankali a kan furen, garin yana fita kamar hayaƙi. Na farkon nan biyu da suka riga suka yi kore, na tambaye ta ko in bar su.

Ta ce, “Sa masu. Ba mu muka bayarwa ba.”

Na sa musu. Da na sauko hannuwana duk jini ne na ƙaya, ban ji shigarsu ba sai a ƙasa. Baffa ya dubi hannun ya ce ashe malamai ma suna da jini. Bayan mako na sake komowa saboda kuben da suka tsage a baya, wannan karon da garin kwalba da ɗan audugar da ake dangwalawa a cusa.

Daga nan sai jira. Sanyi ya zo ya wuce. Adda ta yi takabarta a gindin itaciyar nan, tana zuba mata ruwan alwala, tana gaya mini ta waya yadda 'ya'yan suke, sun kai ƙwayar dawa, sun kai gujiya, sun fara nauyi har an tallafe nonon da igiya a jikin reshe. Ta fita takaba suna kore. Suka yi rawaya ana shirin ganin wata, suka fara laushi azumi ya shiga.

Na farkon nan biyu ba su yi ba. Sun ba da irin 'ya'yan da itaciyar ta fara yi a shekarun baya, ƙanana marasa ƙwallo, mafi yawa suka zube. Su ne manya a cikin nonuwan, su ne kuma marigayin ya gani da idonsa suna kumbura. Sauran sun kama, har da na ƙoli da aka yi wa da gora, ko da yake shi tsalli-tsalli ya yi. Abin da aka sauke bai kai na kowace shekara ba.

Ranar da aka sauke na zo, Baffa ma ya zo ba a kira shi ba. Adda ta zauna da faifai tana zaɓe, masu kyau a ƙwarya guda, na masallaci ke nan. Baffa ya tsuguna gefe yana tsintar ƙananan nan da ba su yi ba, yana tarawa a aljihun rigarsa. Ta ce ya bar su, na awaki ne, ga masu kyau ta ware masa.

Ya ce, “Waɗanga su na nawa.”

Ta ci gaba da zaɓenta. Da magariba ta kusa, shi ya ɗauki ƙwaryar ya kai masallaci, na bi shi a baya. Aka zuba a tire aka bi sahu da shi. Da ladan ya kira salla na ga mutanen unguwa suna kai dabinon baki, waɗanda suka san daga inda ya fito suna yi wa mai shi addu'a. Baffa ya laluba aljihu ya ciro ƙaramin nan mara zaƙi, ya yi bisimilla, da shi ya buɗa baki.

Da damina ta faɗi Baffa ya koma Jabo shi kaɗai, ya roƙi tsohon nan ɗan tsiron da ke fitowa a gindin namijin, don an gaya masa ƙwallo ba shi da tabbas, tsiron gindi kuwa abin da uwarsa take shi yake zama. Ya kawo shi Kebbe a bayan babur cikin jiƙaƙƙen buhu, ya haƙa rami a bayan madafi ya dasa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. Adda ta ce masa kafin wannan ya yi fure wataƙila babu ko ɗayansu. Ya ce ya sani.

Tsiron ya kama, yanzu ya kai ƙirjina, bai yi fure ba tukuna. Baffa ya rasu bara, Allah ya gafarta masa. Ni nake zuwa Jabo duk kaka, jikan Adda ne ke hawa yanzu don gwiwata ta ƙi, ni kuma in tsaya jikin katanga in yi kiran. Jiya da yamma ta bugo mini waya, muryarta ta yi ƙasa fiye da da. Ta ce kuben farko ya fara kumbura.